Ina Za Mu Je Mu Huta Da Zafin Daura?

Duk shekara, da zarar zangon karatu na biyu ya doshi ƙarshe, sai maganar yawon buɗe ido ta taso a makarantun sakandaren Daura da kewaye. Ɗalibai sun yi karo-karo, iyaye sun cika, malamin labarin ƙasa ya je tasha ya yi cinikin mota. Saura abu guda, wato inda za a dosa, kuma a nan ne kan aji ke rabuwa. Wannan ya ce Legas, domin bai taɓa ganin teku ba. Waccan ta ce Yankari, tana so ta ga giwa da idonta. Ba a rasa wani daga kujerar baya da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni dai a kai mu inda babu zafi." Akan yi masa dariya, amma mu a wurinmu shi ne ya kama bakin zaren.

Ku duba lokacin da hutun yake faɗowa. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Wanda ya tashi a Daura, ko Mai'aduwa, ko Sandamu da Zango da Baure, ba sai an ba shi labari ba. Kafin ƙarfe goma na safe rairayi ya daina takuwa sai da takalmi. Da azahar ma'aunin zafi yana kaiwa digiri 40, wata rana har ya gota. Kwanon rufin aji yana huci kamar tanda, awaki sun lafe a gindin katanga, mai ruwan sanyi ya zama sarkin kasuwa. Da dare kowa ya ja tabarmarsa tsakar gida, ɗaki ba ya kwantuwa. A wannan tsakanin ne kuma sanƙarau ya fi yaɗuwa, domin ƙasarmu tana cikin zirin da ya taso daga Senegal ya miƙe har Habasha, inda busasshiyar iska da ƙura da cunkoso a ɗaki ke ba cutar dama. To, a ce cikin wannan hali an cusa yara talatin a mota, an yi wuni ana tafiya, aka sauke su inda zafin ya yi daidai da na gida ko ma ya fi, ai an sa kuɗin iyaye an sayo wahala.

Shin akwai garuruwan da iskarsu ke da daɗi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta? Akwai, amma ba su da yawa, kuma abu biyu ne suke haɗuwa su mai da gari haka.

Na farko shi ne kusanci da ikwaita, layin nan da masana suka zana ya raba duniya kudu da arewa. A can tsawon yini da na dare kusan ɗaya ne kowane wata, rana kuma ba ta yin nisa daga saman kai, saboda haka watanni ba su cika bambanta da juna ba. Na biyu shi ne tudu. Gwargwadon yadda mutum ya hau sama, gwargwadon yadda iska ke hucewa: kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000. Dalili kuwa, idan iska ta hau sama nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta saki jiki ta buɗe, buɗewar nan ce ke sanyaya ta. Duk mai keke zai iya gwadawa yau da yamma. Ku sace iskar taya, ku tara yatsa a bakin bawul, za ku ji ta fito da sanyi, alhali a cikin tayar da ta wuni a rana take.

Legas ta cika sharaɗi na farko, ta rasa na biyu. Zafinta bai cika gota digiri 33 ba, kuma yadda kuka bar shi a Janairu kusan haka za ku tarar da shi a Oktoba. A takarda sai ku ce an dace. Amma iskarta a jiƙe take da laimar teku, gumi ba ya bushewa a jiki, riga tana manne wa baya tun da hantsi. Mu nan Daura, komai tsananin rana, idan mutum ya samu inuwar darbejiya da moɗa guda ta ruwan randa, ya samu sauƙi. Busasshiyar iskarmu ce ke zuƙe danshin da ke tsattsafowa ta jikin randar, sai ruwan ciki ya yi sanyi, kuma aikin da take yi wa gumin jikinmu ke nan. A bakin teku randa ba ta wannan aiki sosai, fatar mutum ma haka. Yanayin da ba ya canzawa daban, yanayi mai daɗi daban.

Garuruwan da suka haɗa sharaɗin biyu, kusan duk a kan tudu za ku same su idan kun buɗe taswira. Nairobi ta Kenya tana kusan mita 1,800 sama da teku, Kigali ta Ruwanda wajen 1,500, Addis Ababa ta Habasha kuwa ta haura 2,300. Ko Ɗa'ifa da alhazanmu ke ba da labari, duk da ta fi waɗannan nisa da ikwaita, tudu ne ya cece ta. Makka tana cikin kwari mai zafi, Ɗa'ifa tana wajen mita 1,800 a kan duwatsu, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota. A can ake noma inabi da rumman da furen wardi, kuma shekaru da yawa can sarakunan Saudiyya suke komawa idan zafi ya tsananta.

Amma kuɗin karo-karon aji ba zai kai kowa Nairobi ba. Mu dawo gida.

Daura ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Jos tana wajen mita 1,200. Ku ɗauki biro: ratar ta haura mita 700, ke nan tudu kaɗai ya rage kusan digiri 5. A zahiri bambancin a watan Afrilu ya fi haka, domin Jos ta fi mu kusa da kudu, gajimare da ruwan farko suna riga isa can da wata biyu. Ranar da muke fama da 40, su suna wajen 30, da magariba kuma iska ta sauko mai sa mutum ya nemi mayafi. Duk lokacin da muka bi ta Kano muka ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka, daga nan mota ta fara hawa, abin da muke fara lura da shi shi ne fasinjojin da suka wuni suna fifita sun fara ɗaga gilashi. Sai duwatsu su bayyana, wani kan wani, kamar da hannu aka jera su. Sai gonakin dankalin Turawa da kabeji da karas, amfanin da ba ya son zafi. Sai tafkuna jefi-jefi masu ruwa kore shar. Waɗannan ba Allah-dasa ba ne, ramukan haƙar kuza ne da aka bari tun zamanin Turawa, ruwa ya cika su. Suna da zurfi ƙwarai, kuma sun ci mutane, don haka kada wanda ya ce zai gwada iyo a ciki.

Ga ɗalibi, Jos ba iska kaɗai take da ita ba. Akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda aka ajiye gumakan yumɓu na Nok waɗanda suka haura shekara 2,000. Kusa da shi akwai filin da aka gina kwaikwayon tsofaffin gine-ginen ƙasar nan, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ɗan Daura da ya saba wucewa ta ƙofar gidan Sarki bai ɗaga kai ba, sai ya je can ya ga baƙi suna ɗaukar hoton ginin ƙasa da azara, sannan ya gane abin da ya baro a gida. Akwai kuma gandun namun daji, da duwatsun Shere da suka kai wajen mita 1,800. Sai dai Jos ta sha fama da rikici a shekarun baya, kuma hanyoyin Arewa ba kullum suke lafiya ba. Kafin a biya kuɗin mota, malamai su tambayi direbobin da ke bin hanyar a makon, a tashi da asuba, a isa da rana tsaka.

Wanda ya ce Jos ba ta ishe shi ba, to sai Mambila, a jihar Taraba. Nan ne tudu mafi tsawo a Najeriya, wajen mita 1,600 a yawancin wurare, kuma da wuya zafin rana ya wuce digiri 25. A can kusa, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, tsaunin Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Tuddai ne shimfiɗe da ciyawa iyakar ganin ido, shanun Fulani suna kiwo ba tsandon da zai dame su, a Kakara kuma ga gonakin ganyen shayi. Gembu ce hedikwatar ƙaramar hukumar, wadda aka sa wa suna Sardauna. Yankin yana cikin ɓangaren arewacin Kamaru da ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Tafiya ce mai nisa, daga Daura sai an kwana a hanya. A bi ta Jalingo, a wuce Bali da Serti, sannan a kama hawan da ke farawa daga Mayo Selbe, hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani. Direban da bai san ta ba, kada a ba shi yaran mutane.

A nan ne fa ya kamata a yi hattara da kalmar "duk shekara". Tudu yana maganin zafi, ba ya maganin ruwa. Ruwan da Daura ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma cikin wata huɗu yake zuba ya ƙare. Na Jos ya ninka haka, daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci da ƙanƙara. A Agusta sai a yi kwanaki rana ba ta leƙo ba, wanki ba ya bushewa. Mambila ta fi Jos ruwa, kuma da damina hanyoyin ƙauyukanta sukan zama taɓo mai riƙe mota. Saboda haka dogon hutun Agusta, wanda a ido shi ya fi dacewa da doguwar tafiya, shi ne mafi muni ga tuddan nan biyu. Hutun Afrilu na Jos ne. Mambila kuwa ta fi karɓar baƙo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hanya ta bushe, da sharaɗin kowa ya tafi da bargo da rigar sanyi mai kauri. A Disamba da Janairu, daren Jos kansa yakan sa ɗan Daura, duk da ya san hunturu, ya ƙi taɓa ruwan alwala sai an ɗumama.

Ita kuma mai son ganin giwa, gaskiyarta ba ta faɗi ba. Yankari a ƙasa take, zafinta a bazara bai bar na Daura da nisa ba. Amma a ƙarshen rani ne ciyawa ke bushewa, dabbobi su taru a bakin kogin Gaji neman ruwa, sai ganinsu ya yi sauƙi. Ga kuma ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda ya zaɓi Yankari a Afrilu ya sayi kallo da gumi, kuma ciniki ne mai kyau in dai da saninsa ya yi. Abin da ba ma so shi ne a je da ka.

Yanzu da waya a hannun kusan kowa, binciken bai da wuya. Ku nemi jadawalin yanayin garin wata-wata a intanet, amma kada ku tsaya kan lambar da ake kira matsakaici, domin tana da yaudara. Ɗauki Daura a Janairu. Da rana zafi yana kusan digiri 30, da asuba sanyi yana sauka wajen 12 ko 13. Idan aka haɗa aka raba biyu sai a samu 21, kusan daidai da matsakaicin Jos na shekara. Baƙon da ya dogara da wannan lamba zai zo da 'yar shara guda, asuba ta yi masa dukan kawo wuƙa. Lambobi uku za ku duba: ƙololuwar zafin rana, ƙarshen sanyin dare, da yawan ruwan watan. Akwai kuma abin da jadawali bai cika nunawa ba, wato hazo. Mun san ranakun da ƙurar hunturu ke rufe gari har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, leɓe ya tsage, masu asma su kwana a zaune. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma yin gargaɗin zafi da ƙura. Kyauta ne, a rediyo ma ana karantawa.

Kakanninmu ba su da jadawali, ba su kuma taɓa wahalar da kansu neman garin da ba ya zafi ba ya sanyi ba. Wata suke zaɓa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sai ruwa ya ɗauke suke ɗaura wa jakuna kaya, lokacin da rafuka suka janye, hanya ta taku. Ayarin raƙuman Buzaye da ke ratsa hamada zuwa Bilma ɗauko gishiri, sai zafi ya karye da kaka yake tashi, daga baya ya gangaro ƙasar Hausa da gishiri da dabino ya koma da gero. Samarinmu har gobe sai an gama girbi suke tafiya cin rani Kano ko Legas, su dawo kafin shuka. Kun kuma karanta a Islamiyya cewa Kuraishawa tafiya biyu suke yi a shekara, ta lokacin sanyi zuwa Yaman mai ɗumi, ta lokacin zafi zuwa Sham mai sanyi.

Idan aka bi wannan lissafi, Daura ma tana da lokacinta, kuma ba ma jin kunyar gayyatar kowa a cikinsa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba ne. Ruwa ya ɗauke, sauro ya fara ja da baya, ƙura ba ta riga ta yi kauri ba. Gero ya shiga rumbu, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, furar sabon gero tana ƙamshi a kowane lungu. Gawo, bishiyar nan mai taurin kai da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke tohowa, yanzu ne take yin kore. Safiya da ɗan sanyi mai daɗi, yamma da iska. A irin wannan lokaci ne ya kamata ɗaliban Jos da na Legas su zo su sha ruwan rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Su ga fadar Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan gado tun 2007. Su leƙa kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ranar Lahadi, su ga raƙuma da shanun da aka koro daga Nijar, su ƙarasa Kwangwalam su ga inda Najeriya ta ƙare. Layin dogon da aka fara a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura zai bi, kuma idan ya kammala zuwan zai ƙara sauƙi.

Sai dai yawancin baƙinmu ba don iska suke zuwa ba, don dawakai suke zuwa, hawan Sallah da hawan Magajiya da Sallar Gani. Su kuwa waɗannan da watan Musulunci suke tafiya, shekararsa kuma ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka. Ke nan kowane biki yana ja da baya a hankali, yana ratsa hunturu da kaka da damina da bazara, sai bayan shekara 33 ya dawo inda ya taso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aikin Hajjin 2024 ya faɗo a Yuni, zafi ya haura digiri 51 a Makka, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu. A gida kuma Ƙaramar Sallar wannan shekarar ranar 10 ga Afrilu aka yi ta, bayan azumin da duk wanda ya yi shi a Arewa ba zai manta ba, mahaya suka fito da lifidi da rawani cikin rana mai narka kwalta. A 2025 ta matso ƙarshen Maris. Gani kuwa, da yake a watan Mauludi ake yin ta, ta bar kaka, a 2025 farkon Satumba ta faɗo, shekarun da ke biye kuma cikin tsakiyar damina za a riƙa yin ta, mai zuwa kallo ya riƙo lema.

Ku ci gaba da cire kwana 11 ɗin da kanku a bayan littafi. Za ku tarar Ƙaramar Sallar 2030 a farkon Fabrairu take, azumin kusan gaba ɗaya cikin sanyin Janairu. A shekarar, masu kallon hawan Magajiya da rigunan sanyi za su jeru a bakin hanya, dawakai kuma su kai ƙofar fada ba kumfar gumi a wuyansu.